Jegon Kazar Inna

Kajin gidanmu ba sa girma. Haka na taso na same su, haka Inna ta ce ita ma ta same su a gidan uwarta: 'yan mitsi-mitsi, gajerun ƙafafu, babbar cikinsu da kaɗan ta fi tantabara mai ƙiba. A ƙauyenmu na gefen Maradi durgu ake ce musu, kuma ba mai kiwonsu don nama, domin in ka yanka ɗaya sai ka yi ta laluben tsoka a cikin miya. Amfaninsu kwanci. Ka ba kazar durgu ƙwan zabo ko na agwagwa, za ta rungume kamar ita ta saka, ba za ta tashi ba sai ta ga 'ya'ya. Rabin zabin ƙauyenmu a ƙarƙashin kajin Inna aka ƙyanƙyashe su. Inna tana sane da haka, tana kuma tuna wa mutane in sun manta.

A ƙarshen shekarun casa'in maigidana ya aiko in bi shi Tamanrasset, inda yake da rumfar atamfa da turare a kasuwar Assihar. Ranar da zan tashi Inna ta fito da kwando mai murfi, a ciki zakara ɗaya ja da kaji uku. Ta ɗora mini a cinya ta ce, "Wanga iri daga hannun kakarki ya hito. Ki tahi da shi, amma kada shi ƙare a hannunki." Na ce to, ina dariya, domin a lokacin kaji sun fi talatin a tsakar gidanta, ban ga ta inda iri zai ƙare ba.

A saman babbar mota muka yi tafiyar, ta Agadas da Arlit, ni da kwandona a tsakanin buhuna. Ruwan da zan sha nake ragewa in zuba musu a murfin kwano. A bakin iyaka wani ɗan dowan, wato ma'aikacin kwastan, ya buɗe kwandon, ya leƙa, ya kira abokinsa ya zo ya gani, suka yi ta dariya suka ce in wuce. Maigidan ma da ya tarye ni a tasha sai da ya riƙe baki. Ya ce, "Mata na zuwa da gado da kwanoni, ke kin zo mini da tsuntsaye." Na ce masa gado ana saye a kasuwa, waɗannan kuwa ya zaga Assihar kaf in ya ga irinsu ya zo ya faɗa mini.

Watannin farko lafiya lau. Gidan da muke haya ɗaki ɗaya ne da tsakar gida, katangarsa ta bulo, an bar ƙarafan rodi a tsaye a kanta da nufin wata rana a ƙara gini. Kajin suka sake, suna tonon yashi suna saka ƙwai ƙanana kamar na kurciya. Zakaran kuwa ya ɗauki kansa mai unguwa. Bai kai tafin hannu biyu ba, amma in ya hau katanga ya buɗe ƙirji ya yi cara, sai ka rantse shi ke ba rana izinin fitowa.

A wancan zamani da kaset muke gaisawa da gida. A zauna gaban rakoda a faɗi abin da ke ciki, a ba direban babbar mota ya kai. Bayan damina kaset ɗin Inna ya iso. Ta gaishe mu, ta lissafa wanda ya haihu da wanda ya rasu. Can ta ce ciwon kaji ya shiga ƙauye, ya share su gida-gida, nata ko ɗaya bai bari ba. Ta ce, "Na share akurki na rufe. Waɗanda kinka tahi da su, su kaɗai sunka rage a duniya. Ki riƙe su da kyau." Muryarta ba ta yi rawa ba, amma na san Inna. Na fita tsakar gida na zauna ina kallon 'yan abubuwan nan huɗu, tsoro ya kama ni.

Sai ɗari ya shigo. Ni a da na ɗauka na san sanyi. A gida in ya yi tsanani sai a hura kara a ji ɗumi, hantsi na yi an manta. Na Tamanrasset daban ne, domin garin a kan tudu yake, duwatsu sun kewaye shi. Da rana tsaka kana cikin rana ƙal kana jin daɗi, ka matsa inuwa sai ka ji kamar an watsa maka ruwa. La'asar na yi jaura, iskar nan mai sanyi, ta sauko daga duwatsu. Wata safiya na ɗauki buta zan yi alwala, na karkata, ruwa ya ƙi fitowa. Na leƙa na ga ƙanƙara ta rufe bakinta. Na kai wa maigida ina nuna masa kamar na ga abin al'ajabi, ya ce ai wannan somin-taɓi ne.

Kajin uku suna da hankali. Magariba na yi su shige akurkin kwali da na yi musu, su cure wuri guda. Zakaran ne ya ƙi. A gida zakarunmu bisa itace suke kwana rani da damina, shi kuma bai ga dalilin da zai sa ya canja ba don ya zo ƙasar Larabawa. Kullum in kama shi in tura akurki, kullum ya sami kafa ya sulale ya haye kan rodin katanga, inda iska ta fi kaɗawa. Na ɗaure masa ƙafa da zare, ya tsinke shi da baki. Taurin kai irin nasa ban taɓa gani ba, sai dai a wurin wanda ke biyan hayar gidan.

Ran nan gari ya waye shiru. Ladan ya kira salla, aka idar, haske ya fito, ba cara. Na same shi a gindin katanga ya sandare, zankonsa ya yi baƙi. Na ɗauke shi, ba nauyi ko kaɗan, na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, ban ɓoye ba. Maigida ya tsaya a kaina, ya yi mini ta'aziyya kamar da gaske, sannan ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce, "Kin gani, ya tahi mushe, ko romo ba mu sha ba. Sauran ukun a yanka su tun suna halal. Kaza babu zakara mi za ta yi miki?" Maganarsa da hankali a ciki, shi ya sa ta fi ba ni haushi. Na ce masa duk wanda ya kusanci kajin nan da wuƙa, to ya fara neman mai dafa masa tuwo.

Maƙwabciyarmu Ba'abziniya ce 'yar Agadas, ta girme ni, na kan ce mata Yaya. Hausa a bakinta rangaɗau, sai dai tana jan ta a hankali. Ita na tambaya ko za a sami zakaran durgu a garin. Ta ce shekarunta da yawa a nan ba ta taɓa gani ba, kajin Tamanrasset manyan farare ne da ake kawowa daga arewa, waɗanda ko tafiya ba su iya ba. Na yi mata godiya na koma gida.

A ranar na lura ba na ganin ɗaya daga cikin kajin, wata mai wake-wake, wadda ta fi su faɗa. Na duba bayan durom ɗin ruwa, sai ga ta a cikin kwandon da muka zo da shi, ta baje fikafikai ta kumbura. Na miƙa hannu ta sare ni. Na jure na ɗaga ta, na ga ƙwai bakwai. Ashe ɓoyewa take tana sakawa tun zakaran yana da rai, yanzu kuma ta hau kwanci, a tsakiyar ɗari, lokacin da ko mahaukaciyar kaza ba za ta yi ba. Na mayar da ita a hankali. Duk abin da ya rage na zakaran nan, da na akurkin Inna, da na kakata, yana cikin ƙwan nan. In sanyi ya ratsa su, shi ke nan.

Kazar durgu ƙarama ce, zafin jikinta bai taka kara ya karya ba. A gida ya isa. A nan kuwa ƙasa kanta sanyi take fitarwa, na taɓa ƙwan da ke gefe-gefe na ji sun fara hucewa. Na ce a shigar da ita ɗaki. Maigida ya ƙi, ya ce dilolin atamfarsa a ɗakin suke, ba zai kai wa mutane zane mai warin kaji da ƙwari ba. A nan ban ja da shi ba, domin da atamfar muke ci. Na ce to zan sa mata kaskon gawayi a akurki. Yaya ta ji ta leƙo ta katanga ta ce, "Kul. Haka na yi wa 'yan awakina wata shekara, na rufe su da gawayi don tausayi. Da safe na kwashe su duka. Hayaƙin da ba ka gani shi ke kisa." Ga sanyi zai kashe, ga wuta za ta kashe, na rasa inda zan sa kaina.

Na fara da duwatsu. In na gama girki sai in tura su cikin ruɓushi, in naɗe da tsumma in jera kewaye da kwandon. Suna taimakawa, amma kafin asuba sun huce sun zama abokan gaba. Ina cikin naɗe wani dutse ne, zafinsa yana ratsa tafin hannuna, sai na tuna ɗakin kakata. Tana da gadon ƙasa, ginin laka mai rami a ƙarƙashi. Duk macen da ta haihu a gidanmu a kansa take jego. A zuba garwashi a ramin da yamma, laka ta sha zafi ta riƙe, mai jego da jaririnta su kwana cikin ɗumi har safe. Ni kaina da aka haife ni, a kansa Inna ta yi jegona. Na ce a raina, to wannan baiwar Allah da ke cikin kwando, in ba mai jego ba ce, mece ce? Abin da zan canja ɗaya ne. Na kakata bakin wutarsa a cikin ɗaki yake, nawa zan juya shi waje, zafi ya shiga, hayaƙi ya tsaya a tsakar gida.

Laka ce ta fara ba ni wuya, domin ƙasar unguwarmu yashi ne da tsakuwa, ko ka kwaɓa ba ta kama. Mijin Yaya yana da lambu a Outoul, can bayan gari, shi ya kawo mini buhu biyu na laka daga bakin rijiyarsa, bai ma tambayi abin da zan yi da ita ba. Na kwaɓa da ƙaiƙayi da kashin jaki kamar yadda na ga ana yi a gida. Saman gadon kuwa na ce dutse zan sa, tun da Allah ya hore wa garin duwatsu har sun yi yawa. Ni da Yaya muka gangara kori, wato busasshen rafin da ke bayan unguwa, muka zaɓi wani falale mai faɗin faifai biyu, muka ɗora a tsohon bargo muna ja. Samarin ƙasarmu masu aikin gini suna bisa wani bene suna kallonmu. Ɗaya ya ce, "Hajiya, in bene za a yi a ba mu kwangila." Na ce masa ya fara gyara katangar da yake yi, don daga nan ina ganin ta karkace.

A kusurwar da rana ta fi daɗewa na yi ginin. Na tayar da 'yan bango ƙanana, na bar rami a tsakiya, na kwantar da falalen a kai na yaɓe shi da laka mai kauri. A bisansa na gina ɗan ɗaki da bai wuce gwiwa ba, da rufin katako da tsohon buhu, na bar 'yar kafa a sama don iska ta riƙa fita. Bakin wuta yana waje ta gefe ɗaya. Ta ɗaya gefen na huda gwangwanayen tumatir sama da ƙasa, na jona su suka zama bututun hayaƙi. Maigida ya dawo daga kasuwa ya zaga ginin sau biyu, hannu a baya. Ya ce, "Ni da na biya sadaki bisa tabarma nike kwana, kaza ta samu gado." Na ce ranar da ya hau kwanci shi ma zan gina masa.

Itace a garin tsada gare shi, kowa da gas yake girki. Yaya ce ta ce busasshen kashin awaki ya fi, yana ci a hankali, ba ya tashi da harshe. Kullum da la'asar sai ta miƙo mini kwano guda ta katanga. Na hura na farko don laka ta bushe, na ɗora hannu a kan gadon sai da na janye. Da na sa kaza a nan da dafaffen ƙwai zan kwasa. Na rage wuta, na sake taɓawa, amma hannun da ya saba da tukunya ba ya faɗin gaskiya. Sai na ɗebo ɗan man shanu na ɗora a kan laka. In ya narke ya gudu, zafi ya yi yawa. In ya tsaya da ƙarfinsa, wuta ta yi kaɗan. In ya yi laushi ya zauna yana ƙyalli, to daidai ke nan. Da haka na gane yawan kashin awakin da gadon ke so, ban ƙara kuskurewa ba.

Saura ɗaukar mai jego, kuma nan ne abin tsoron. Kaza mai kwanci in ka canja mata wuri tana iya yin fushi ta bar ƙwan har abada. A shekarar azumi a cikin sanyi ya faɗo. Na jira har aka kira magariba, lokacin da idon kaza ya fara rauni. Na kurɓi ruwa kawai, na bar shurbata, romon buɗa-baki irin na Larabawa, tana hucewa, na lulluɓe kwandon da mayafina na ɗauke shi gaba ɗaya, ina tafiya kamar mai ɗauke da nono cike da ƙwarya. Na ajiye a kan gadon na zare mayafin.

Ta miƙe. Ta fito daga kwandon ta bar ƙwan a buɗe, ta sauko tsakar gida tana ƙorafi, ta nufi bayan durom inda ta saba. Ta duba ba kwando, ta dawo, ta sake komawa. Iska tana kaɗawa, ƙwai bakwai suna kwance tsirara, ni kuma ba halin in kama ta, don in na tilasta mata ta ƙi ke nan. Na tsuguna ina karanta duk addu'ar da na iya. Maigida yana bakin ƙofa da dabino a hannu ya manta bai kai baki ba. Can ta yi tsalle ta hau gadon, ta tsaya. Na ga ta ɗaga ƙafa ɗaya ta sauke, ta ɗaga ɗayar, ta ji ɗumi. Ta leƙa kwandon, ta juya ƙwai biyu da baki, ta shiga ta girgiza jiki ta baje. Na juya na kalli maigida, ya yi sauri ya jefa dabinon a baki ya ce shurba ta yi sanyi.

Labari ya zaga unguwa cewa matar mai atamfa tana yi wa kaza jego. Matan ƙasarmu suka riƙa shigowa da sallama suna cewa, "Mun zo barka. Ina mai jego? An ba ta kunun kanwa?" Ni kuwa ban ji kunya ba. Na ce ruwan ɗumi take sha da ɗan jar kanwa a ciki, gero kuma da tafarnuwa, in suna da kayan barka su ajiye. Wata ta kawo dusa don tsokana, na karɓa na gode. Sauran kajin biyu ma suka koma kwana a gefen kwandon, suka yi sumul.

Abin da ban yi tunani ba shi ne kyanwoyi. Ɗumin nan ya kira duk wata kyanwa da ke unguwar. Wata safiya na fito na tarar da wani ƙaton muzuru a kan rufin, ya zura hannu ta kafar iska har kafaɗa, ga gashin kaza a warwatse. Na jefe shi da takalmi, na bi shi da muciya har waje ba ko mayafi. Ɗaya daga cikin kajin ya tsige wa wutsiya, mai jego kuwa tana kan ƙwanta ta kumbura tana huci, ba ta motsa ba. Ranar na wuni a gindin gadon da muciya a hannu, ina tunanin yadda zan yi in rana ta faɗi.

Da la'asar maigida ya shigo da naɗin ragar waya a kafaɗa. Ya jefar a ƙasa ya ce wani ne ya bar ta a rumfarsa tana tare masa wuri. Sabuwa ce fil, ko ƙura babu. Ya tuɓe babbar riga ya ɗauki guduma, ya rufe kafar iska da ƙofa da duk wata 'yar tsaga, yana yi yana mita cewa shi ba don kaji yake yi ba, ihuna ne ba ya so da safe. Kyanwoyin kuma ban kore su gaba ɗaya ba. Na bar musu gefen bututun hayaƙi, inda bango ke da ɗumi. Suka riƙa kwana a nan a jere, ba su iya kaiwa ga kaji, ɓera kuma bai ƙara gilmawa ta wurin ba.

Wajen ƙarshen azumi sanyi ya kai maƙura. Mutane suna nuna ƙwanƙolin duwatsu daga nesa, sun yi fari da ƙanƙara. A daidai lokacin zazzaɓi ya kwantar da ni. Da yamma na lallaɓa na zuba wuta, amma ƙarin da nake yi da asuba ya wuce ni, ban ma san an yi sahur ba. Da na buɗe ido rana ta riga ta shigo ta ƙofa. Na tashi jiri yana ɗibata, na dafa bango na fita, na riga na ga ƙwai masu sanyi a zuciyata, har na fara tunanin abin da zan faɗa wa Inna a kaset.

Siririn hayaƙi na gani yana fita daga gwangwanayen tumatir. Maigida yana tsugune a bakin wuta cikin kashabiyarsa, rigar ulun nan mai hula da Larabawa ke sawa, kwanon kashin awaki a gefensa. Mutumin da ke sayar da turare. A yatsansa ga man shanu, ya buɗe ƙofar raga yana ɗorawa a kan laka, ya karkata kai yana jira ya ga ko zai gudu. Ashe duk kwanakin nan yana kallon yadda nake yi. Ya ji motsina ya waiwayo, ya ɓoye yatsan a cikin riga. Ya ce, "Hannuna nike ɗumamawa. Ki koma ki kwanta." Na koma na kwanta, na ja bargo na rufe fuska don kada ya ji dariyata, kuma a ƙarƙashin bargon har da hawaye.

Ana saura kaɗan Salla na ji 'yar ƙara daga cikin kwandon. Na ɗaga fiffiken uwar, ta sare ni kamar kullum, na ga wani ɗan abu jiƙaƙƙe bai fi babban yatsa ba. Kafin washegari biyar sun fito, biyu sun yi bara-gurbi. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida, Yaya ta amsa daga bayan katanga ba ta ma san me ya faru ba tukuna. Matan da suka yi ta tsokanata suka zo barka ta gaskiya, na dama kunun kanwa na ba su, na ce tun da sun daɗe suna tambaya, ga shi.

Amma raina bai kwanta duka ba. 'Yan tsaki biyar, in duk mata ne aikin banza na yi. Na ci gaba da hura gadon har sanyi ya karye, kullum ina duba kawunansu. Huɗu suka taso sumul, sagaru. Na biyar ya fi su ƙanƙanta da muni, wuyansa duk a tsige, amma na ga ɗan zanko yana ja a kansa, na ga kuma yana neman faɗa da inuwarsa. Wata safiya bayan zafi ya shigo, ina wanke kwanoni, na ji wata ƙara kamar an taka tsohuwar ƙofa. Na ɗaga kai, ga shi a kan rodin katanga, daidai inda ubansa ke tsayawa, ya buɗe ƙirji yana ƙoƙari. Na ce masa ya yi carar da yake so, amma in ɗari ya dawo a gado zai kwana ko yana so ko ba ya so. Haka kuwa aka yi, ragar maigida ba ta da kafar sulalewa.

Kafin shekara ta zagayo kaji sun cika tsakar gida. Na zaɓi ɗansa, wani ja kamar kakansa, da sagaru biyu, na sa su a kwandon da suka zo a ciki. Na kai wa direban da ke kai mana kaset, na yi ta ja masa kunne a kan ruwa da inuwa har ya ce ko mutum aka ba shi amana ba a yi masa wannan dogon bayani ba.

Kaset ɗin Inna ya iso bayan an daɗe. Muka zauna a tsakar gida da la'asar, ni da maigida da Yaya, aka kunna. Ta yi sallama, ta fara gaisuwa, "Ina gajiya, ina sanyi, ina mai gi..." sai cara ta katse ta, siririya mai kaifi, kusa da rakodar. Muka ji tana cewa, "Kai, tahi can." Ta sake farawa, ya sake katse ta. Sai ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, ta ce, "Kin ji shi ko? Ba shi barin mutum shi yi magana, halin gidansu ne. Na buɗe akurki. Har an fara kawo mini ƙwan zabi. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata, kin riƙe."

Maigida ya miƙa hannu ya mayar da zaren baya, wai bai ji gaisuwar da kyau ba. Carar ta sake fitowa daga rakoda. Zakaranmu yana gindin gado yana tono, ya ɗaga kai, ya karkata shi gefe, ya yi tsalle ya haye katanga ya amsa.